Garejin Baba mai Fijo: inda aka tashe mini 504 da kuɗin albashi

Idan kana da tsohuwar Fijo jibge a gida, kana son ka ga ta sake hawa titi, amma aljihunka irin nawa ne na malamin makaranta, akwai wani gareji a Bauchi da zan iya tura ka. Sai dai turawar tana da sharuɗɗa, kuma zan faɗe su don kada gobe a ce na yi wa mutane tallan abin da ba haka yake ba. Garejin yana gefen hanyar Jos bayan an bar cunkoson gari, babu allo, babu suna. Alamarsa kawai gawarwakin Fijo da ke jere ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro: wasu wagon da aka cinye rabinsu, wata 505 marar ƙofofi, da a-kori-kura guda da kajin maigadi suka mayar akurki. Yaransa na ce masa Oga, direbobi na ce masa Baba mai Fijo, ni kuma Baba kawai nake cewa.

Motar da na kai masa salun ce, 504 fara, ƙirar 1982, haɗin Kaduna. Marigayi mahaifinmu ya saye ta da bashin mota lokacin yana ma'aikatar gona, kuma tun 2011 take tsaye a ƙofar gida. Da aka zo rabon gado 'yan gwangwan har sun fara zarya suna tayawa da kilo, sai na ce a saka ta a kasona. Lokacin da nake da shi na wannan sha'awa ranar Asabar ce, sai ɗan abin da ya samu bayan la'asar idan babu takardun jarrabawa da zan duba. Kuɗi kuwa ɗan abin da na iya gutsura daga albashi ne, wani watan ma babu, sai in kwasar adashe ta zo kaina. Makanikan da na fara tuntuɓa duk bakinsu ɗaya: a kawo kuɗi dunƙule, a jefar da injin, a dasa na Baljiyam, ko ma a cusa mata na motar Japan. Mai kuɗi zai iya haka. Ni ba zan iya ba, kuma ba na so.

Baba da kansa ya zo gida a kan tsohon babur ɗinsa don ya ga motar kafin a ja ta. Bai taɓa bonet ba. Ya nemi tabarma, ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashinta da sukundireba a hannu, ya dinga caka ƙarfen ƙasa wuri-wuri yana sauraro. Ya bi ƙasan kujerun gaba, ya bi gefunan ƙofofi, ya leƙa ƙasan but inda tayar safaya ke rataye, sannan ya miƙe ya buɗe gaba ya duba mazaunin baturi, inda ruwan baturi ke cin ƙarfe. Wuri ɗaya sukundireban ya shige, a ƙasan ƙafar direba, inda ruwan damina ke taruwa saboda robar gilashi ta mutu. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Malam, ƙashinta lafiya lau. Inji ana samu a kasuwa, amma in ƙasan mota ya ruɓe sai dai a yi mata addu'a. Wannan za ta tashi, in Allah ya yarda, amma da haƙuri."

Abin da ya sa nake ganin wurin ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne tsarin da Baba ke bi, kuma ba ya sauya shi don kowa. Birki ne farko, sai sitiyari da ƙafafu, sai lagireto da tiyoyin ruwa, sannan inji, sannan waya. Bodi da fenti su ne can ƙarshe. Ya ce yawancin masu kawo masa tsohuwar mota fenti suke fara tambaya, su zuba kuɗinsu duka a ƙyalli, sannan a zo sauke inji yara su goge fentin da sifana da bakin mai, motar kuma ta koma ta tsaya tana sheƙi ba ta tafiya. Kowane mataki da kuɗinsa daban. Ka biya na birki, a yi birki, a tsaya. Wata mai zuwa in ka samu, a shiga na gaba. In ba ka samu ba, motarka na nan an ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su kwanta, babu mai ce maka kuɗin ajiya, sai ɗan ihsanin da kake ba maigadi. Ladan aikinsa na birki gaba da baya bai kai kuɗin rabin buhun shinkafa ba, kuma ya haɗa da wanke bututan da sauya man birkin gaba ɗaya, domin man birki yana shan danshi, in ya daɗe sai ya cinye ƙarfe daga ciki.

A wurin inji ne na ga gwaninta ta gaske. Injin da ya shekara da shekaru a tsaye ba a sa masa baturi a murɗa makulli. Baba ya cire fulogogin huɗu, ya tsiyaya bakin mai gauraye da ɗan man gas a kowane rami, ya ce a bar ta ta sha. Bayan ta kwana biyu a haka ya sa babban sifana a gaban inji, ya dinga rarrashinsa gaba da baya, kaɗan-kaɗan, har ya saki ya zagaya. An sauke tanki an wanke, don tsohon fetur yana komawa danƙo ne mai wari. Kafiretan Solex kuwa a kan farantin silba ya wargaza shi, kowane ƙaramin abu a jere yadda ya fito, yana hura ramukan da baki yana ɗaga su sama yana leƙen haske. Ya gyara tazarar kontak, ya sa sabon kwandensa. Ta tashi da tari da hayaƙi, unguwar gareji duk aka juyo. Amma da ya zaro sandar awon mai bayan ta ɗan yi aiki, man ya fito fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Dole a buɗe top, wato murfin saman inji.

A nan ne mai 504 ya kamata ya san abu guda, domin shi ke raba makanikin Fijo da mai lalube. Silindojin wannan inji ba a jikin bulok aka haƙa su ba. Kowanne bututu ne mai zaman kansa, silif, da ake zurawa a ciki, ruwan sanyaya inji na zagaya shi kai tsaye, kuma a gindinsa akwai siririn abin toshiya da ke hana ruwan gangarawa cikin bakin mai. In an cire top sannan wani ya juya injin ba tare da an danne silif ɗin ba, fistin zai iya ɗago shi, toshiyar ta lalace, a rufe inji a ɗauka an gama, ruwa kuma ya ci gaba da zuba. Baba yana da wasu guntayen bututu da manyan wasa-wasai, wato zobban ƙarfen da ake sa wa kusa, da yake ɗaurewa da kusoshin top don su danne silif ɗin. Ranar da aka buɗe tawa, wani sabon yaro ya kai hannu ga sifana zai juya, tsawar da Baba ya daka masa har mai shayi sai da ya leƙo. Amfanin wannan ƙira ga talaka shi ne in inji ya gaji, silif da fistin da ringi ake saya a saiti a sauya, ba sai an kwashi bulok an kai wurin masu injin gogewa ba. Nawa an duba an ga silif ɗin suna da sauran rai, ringi da gaskit da toshiyar gindi kawai aka sauya. Top ɗin, wanda na alminiyam ne, ya ɗan karkace, aka kai cikin gari aka goge fuskarsa. Wajen ɗaurewa kuma Baba ya fito da sifana mai awo daga wani tsumma, ya bi kusoshin daga tsakiya zuwa gefe, ya ce in ta ɗan yi tafiya a dawo a sake ɗaurewa a gyara tafet, wato tazarar bawul. Garejin da ke da wannan sifana a garin nan, kuma yake amfani da shi, ba su da yawa.

Wuri ɗaya muka ja da shi. Kamar yawancin makanikanmu, Baba ya yi imani cewa tamostat, abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, na ƙasar Turawa ne, a zafinmu cire shi ake yi. Ni kuma ina ganin wanda ya taɓa tayar da mota da asuba a Bauchi cikin watan Janairu, balle ya hau Jos, ya san akwai sanyi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana kuma saurin cinye kansa. Na sayo na kawo. Ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, boko ke nan. Motarka ce." Ya sa, kuma ya sa shi daidai. Har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar tamostat.

Wani zai ce ina ake samun kayan motar da ta haura shekara arba'in. Amsar tana cikin tarihinta. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 ta zama motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyi irin namu ko ma waɗanda suka fi su muni. A wannan shekara ta 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ta zama motar jami'an gwamnati, daga nan kuma ta cika ma'aikatu da tashoshin mota. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Lokacin ƙasar nan tana haɗa motocinta, mu ma nan Bauchi ga Steyr tana fitar da manyan motoci da taraktoci, amma wannan zance ne na wata rana. Abin nufi shi ne an zuba 504 a Arewa da yawan da har yau ba ta ƙare ba. Ga kuma 505, wadda da yawa cikinsu injinsu ɗaya da ita, mai silinda huɗu, lita biyu, don haka kayan inji suna shiga juna.

Baba ba ya sayar da kaya, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa aka yarda da shi. Zai faɗa maka abin da ake nema, ka je ka sayo, ko ka ba da kuɗi ya aika Dilimi a Jos, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ba direba saƙo ka karɓa a tasha. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Duk abin da yake roba, da duk abin da ya shafi birki, sabo za a sa. Duk abin da yake ƙarfe, tsohon asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon da ke cikin kwali mai hoton zaki, domin jabu ya yi yawa. Na kawo masa famfon ruwa sabo fil daga wani shago, ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗora tsohon a ɗaya hannun, ya miƙo mini duka biyun. Sabon ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma da ka juya shi za ka ji yana wasa. Mai shagon ya karɓi abinsa da ƙyar, bayan Baba ya yi masa magana a waya. Duk abin da aka cire daga motarka kuma, ko wasa ce, za ka same shi a cikin buhu a but. A kula da rim: na 504 ramuka huɗu ne amma tazararsu ta fi ta yawancin motocin Japan faɗi, don haka kada wani ya sayar maka da na wata mota ya ce za a yi dabara. Taya kuma a duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, saboda ana sayar da tsohuwar taya mai kyan fuska.

Wani abin da ba kowane gareji ke yarda da shi ba, Baba yana barin mai mota ya sa hannu. Ranar Asabar nakan zo da tsohuwar riga, ya ba ni abin da ba zan iya ɓatawa ba: wanke kusoshi a cikin fetur, kankare tsatsa da burushin ƙarfe, goge mazaunin gaskit. Daga baya ya bar ni na gyara tafet ɗaya yana tsaye a kaina. Duk aikin da na yi da hannuna yana rage shi daga lada ba tare da na roƙa ba. Wanda ke yin abin nan don sha'awa ya san rabin daɗin a nan yake. Uwargida dai ta kafa dokar cewa rigar gareji ba ta shiga ɗaki.

To, sai aibobin wurin, kuma ba ƙanana ba ne. Babba shi ne jinkiri. Masu a-kori-kura da wagon da ke jigilar kasuwannin ƙauye su ne 'yan gaban goshi, da zarar ɗaya ya shigo za a ajiye taka a koma tasa. Hujjar Baba ita ce wancan abincin iyalinsa ne a tsaye, kai kuwa sha'awa ce. Ba zan ce bai yi gaskiya ba, amma ranar da ka bar komai ka zo da Asabar ɗinka guda, ka ƙare a kan benci kana kallon ana gyara motar wani, sai ka ji abin a ranka. Da damina ta kankama kuwa Baba gona yake tafiya, sai ka yi sa'a ka same shi. Wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a bishiya, ta yi ta kuka babu mai ɗauka. In ya ce maka jibi, ka sa mako a lissafi.

Babu rasit, babu rubutu, komai a ka yake. Baba ba ya cin kuɗin mutum, wannan na shaida, amma yana mantuwa, kuma yaran suna da sakaci da ƙananan abubuwa. Kusoshin mota uku sai su haɗu a gwangwani ɗaya. Ka zo da littafinka ka rubuta abin da ka bayar da ranar da ka bayar, a gabansa. Ka zo da ledoji, duk abin da aka kwance ka ɗaure shi daban da 'yar takarda a ciki, ka kuma ɗauki hoto da waya kafin a kwance. Za su yi maka dariya ranar farko, daga baya su da kansu za su dinga tambayarka ledar kaza.

Mai rewaya da ke raba inuwa da su ba yaron Baba ba ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya ba shi mota. Murɗa waya yake yi da hannu ya naɗe da salatif, inda fis ya ƙone kuma sai ya naɗa siririyar waya a gurbinsa. A motar da ke da kafireta, ga tiyon fetur kusa, wannan neman gobara ne. Da na ga haka na dakatar da shi, na biya shi na abin da ya taɓa, na ɗauko wani daga wajen Wunti ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa fis na gaske, ya gyara wayar da ke kama bodi. Baba bai ji haushi ba, cewa ma ya yi da na tambaye shi tun farko da ya gaya mini. Wannan ma aibi ne a wurina: in ba ka tambaya ba, ba zai kushe maƙwabcinsa ba.

Fanal bitan wurin yana da hannu a walda. Ramin ƙasan direba ya yanke shi har inda ƙarfe ke da lafiya, ya yanko faranti daga ƙofar wata matacciyar wagon, ya buga shi ya ɗauki siffar wurin, ya liƙe, ya shafe sama da ƙasa da fentin hana tsatsa. Wannan aiki ba ni da ta cewa a kansa. Matsalarsa foti. Inda ya kamata ya yi haƙuri ya buga lotsawa ta fito, sai ya cike ta da foti ya goge, ta yi sumul a ido, bayan shekara ta tsage. Na ɗauki dabarar zuwa da maganaɗisun tsohuwar lasifika ina bin jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa na san an labta, sai in ce a kankare a sake. Ba ya so, amma yana yi.

Da aka gama inji da waya, na sabunta takardu da inshora, muka fita gwaji da Baba ta hanyar Gombe har Dindima, inda ake ratsewa zuwa Yankari. A nan na gane abin da tsofaffin direbobi ke nufi in suna yabon ƙafar Fijo. Ramin da ƙaramar mota za ta doka har haƙoranka su haɗu, ita lumshewa kawai take yi ta wuce, kujerun kuma duk da yagewarsu sun fi na motoci da yawa na yanzu taushi. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba, na nuna wa Baba, ya kau da kai. Amma kada a ruɗi kowa. Sitiyarinta na da nauyi wajen fakin, babu na'urar sanyaya ɗaki, giya huɗu ce don haka in ka taka sosai injin na ihu, kuma tana shan mai fiye da ƙananan motocin Japan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ni makaranta da babur nake zuwa, ita kuwa ta Juma'a ce da ɗaurin aure da kai yara gaishe da kakarsu.

Wanda ke son a gama masa mota kafin Sallah, ko wanda zai ajiye makulli ya tafi Abuja ya dawo ya tarar da ita tana ƙyalli, kada ya zo nan, ransa ne zai ɓaci. Wurin na mai zuwa da kansa ne, mai biya kaɗan-kaɗan, mai iya zama a benci. In za ka je, ka je da rani, da sassafe kafin masu haya su fara shigowa, kuma ka guji ranakun da ake cin manyan kasuwannin kewaye.

Tawa yanzu saura kujeru da fenti. Kujerun zan kai wa masu ɗinkin kushin a cikin gari, ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da dama, na direba ne farko. Fenti kuwa ba a garejin zan yi ba. A fili suke fesawa, ƙarƙashin bishiya, kuma na shafa wata Golf da aka fesa a wurin cikin hunturu na ji ƙura ta daskare a jikinta. Baba da kansa ya ce in jira iska ta kwanta in nemi masu rufaffen ɗaki, ya kuma ce in an tashi zai aiko yaro ya cire fitilu da bamba da ƙarafan ado tukuna, don kada masu fenti su lulluɓe su da jarida su fesa a kai.